Waƙa kaɗai tana kai mutum kujerar farfesa? Mu duba tafiyar Niyi Osundare

Ɗalibar Adabi: Assalamu alaikum malamaina. Duk sanda aka yi maganar mawaƙin da ya yi nisa a aikin jami'a, sai an kawo sunan Farfesa Niyi Osundare. Tambayata ita ce: diwanan waƙoƙinsa ne suka kai shi farfesa, ko akwai wani aiki daban da ba mu gani? Kuma in mai rubuta waƙar Hausa ne yake son bin wannan hanya, matakan ɗaya ne?

Malam Na-Tsangaya: Wa alaikumus salam ƙanwata. Bari mu jera shekarun tukuna, don su ma suna ba da rabin amsar. An haife shi a Ikere-Ekiti a 1947. Digirin farko a Ingilishi daga Jami'ar Ibadan a 1972, na biyu daga Leeds ta Ingila a 1974, na uku daga Jami'ar York da ke Toronto a Kanada a 1979. Ya fara koyarwa a Ibadan a 1974, ya zama farfesa a 1989, ya shugabanci sashen Ingilishi daga 1993 zuwa 1997, sannan ya koma Jami'ar New Orleans a Amurka.

To ki lura da abu guda. Diwaninsa na farko, Songs of the Marketplace, sai 1983 ya fito. Ke nan ya riga ya yi shekara 9 da fara koyarwa, kuma digirin digirgir ɗinsa ya shekara 4 a hannu, kafin littafin waƙarsa na farko ya shiga kasuwa. Fannin da aka san shi da shi a aji kuwa nazarin salo ne, wato ɗaukar kayan aikin kimiyyar harshe a feɗe rubutun adabi da su. Da wannan ya shiga jami'a, kuma da shi ya samu gindin zama. Waƙa ta ba shi suna a duniya, amma ba ita ta buɗe masa ƙofa ba.

Sarkin Gardama: Allah ya gafarta malam, ni dai ban gamsu ba. Tsakanin 1983 da 1989 mutumin nan ya fitar da Village Voices, ya fitar da The Eye of the Earth wanda ya ci kyautar waƙa ta ƙasashe renon Ingila a 1986, ya fitar da Moonsongs a 1988. Kana so ka ce kwamitin ƙarin girma ya rufe ido daga duk wannan?

Malam Na-Tsangaya: Ban ce sun rufe ido ba. Cewa na yi waƙa ba ta tsayawa ita kaɗai. Ga yadda tsanin yake a yawancin jami'o'in Nijeriya yau. Mai digirin farko mai kyau, wanda ya gama hidimar ƙasa, ana ɗaukarsa a matakin ƙasa da sharaɗin ya yi digiri na biyu cikin wa'adi. Mai digiri na biyu Mataimakin Lakcara ne. Daga nan Lakcara II, Lakcara I, Babban Lakcara, Rida wanda wasu ke kira Mataimakin Farfesa, sai Farfesa. Tsakanin mataki da mataki mafi ƙaranci shekara 3. Daga Mataimakin Lakcara zuwa Farfesa hawa 5 ne, shekara 15 ke nan in ba a samu tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Wanda ya shigo da digiri na uku a hannu yana farawa daga Lakcara II, nasa shekara 12. Kuma a mafi yawan wurare, in babu digiri na uku, a Lakcara I mutum zai tsaya ko da diwani goma ya buga. Babu wata waƙa da ke maye gurbin wannan takarda.

Hajiya Mai Jan Biro: In ƙara a kan na Malam, domin inda mutane suka fi faɗuwa ba a lissafin shekaru ba ne, a tantance wallafe-wallafe ne. Har zuwa Babban Lakcara, galibi a cikin gida ake gamawa: sashe ya duba, tsangaya ta duba, a miƙa wa kwamitin naɗi da ƙarin girma. Amma Rida da Farfesa sai an fitar da ayyukan mutum waje. Sashe ko tsangaya ta ba da jerin sunayen farfesoshin fannin daga wasu jami'o'i, shugaban jami'a ya zaɓi 3 a asirce, a aika musu da kwafin komai. Sai 2 daga cikin ukun sun ce ya cancanta. Shi mai neman girman bai kamata ya san su waye ba.

Abubuwan da ke ɓata fayil a wannan mataki sanannu ne. Mutum ya tara maƙalunsa duka a mujalla ɗaya, ko a mujallar sashensu da abokan ofis ɗinsa ke tacewa. Ko ya yanyanka kundin digirinsa na uku ya mayar da kowane babi maƙala ba tare da ƙarin bincike ba, mai tantancewa yana buɗe ta uku zai gane. Ko ya biya kuɗi a mujallar intanet da ke karɓar maƙala yau ta buga jibi, wadda babu wanda ya karanta balle ya gyara. Ko a ga sunansa na huɗu a maƙaloli da yawa, alhali makin rabawa ake yi tsakanin marubutan kuma na farko ya fi samu. Sannan akwai wanda ayyukansa ba su da alƙibla: yau tatsuniya, gobe nahawu, jibi fim. Farfesa ana ba shi kujera ne a wani fanni, dole mai karatu ya iya faɗin abin da mutumin ya ƙara wa ilmi a jimla biyu.

Wani abin da ba laifin mai nema ba: mai tantancewa ya riƙe takardu shekara guda ko fiye bai dawo da su ba. In sakamakon ya zo da kyau, ana mayar da ranar ƙarin girman baya zuwa lokacin da ya cancanta, amma jiran ba daɗi.

Ɗalibar Adabi: Na gode Hajiya. To a cikin wannan lissafi ina diwani yake faɗawa? Sifili ake ba shi?

Hajiya Mai Jan Biro: A'a 'yata, ba sifili ba. Jami'o'i da dama suna da gurbin da suke kira aikin ƙirƙira, inda waƙa da wasan kwaikwayo da ƙagaggen labari suke shiga, musamman ga malaman adabi da na wasan kwaikwayo. Sai dai kowace jami'a da nata kundin sharuɗɗan, kuma akan sa iyaka ga yawan makin da mutum zai iya tarawa daga wannan gurbi. Abu na farko da za ki yi shi ne ki nemi kundin sharuɗɗan ƙarin girma na jami'ar da kike nufi daga ofishin rajistara, ki karanta shi da kanki, kada ki dogara da jita-jitar ɗakin malamai.

Kuma diwanin da za a ƙirga sai ya cika siffar littafi. Ya fito daga kamfanin ɗab'i da ke da masu tace rubutu, ba wurin buga katin biki ba. Ya samu lambar shaidar littafi, wato ISBN, ta gaskiya, wadda a Nijeriya Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa ke bayarwa, ba wadda mai injin ɗab'i ya kwafo daga bayan wani littafi ba, wannan yana faruwa fiye da yadda ake zato. A kai kwafi 3 da doka ta ce kamfani mai zaman kansa ya ajiye a ɗakin karatun. In kuma wasu masana sun yi sharhinsa a mujalla, ko wata jami'a ta sa shi a jerin littattafan kwas, ki haɗa shaidar a fayil. Waƙoƙi 200 a Facebook, komai yawan masu yabawa, ba su da shafi a wannan fom.

Sarkin Gardama: Ai nan ne zaluncin yake. Wanda ya tsara waƙar bai samu komai ba, wanda ya zo ya ƙirga ƙafafun karinta ya zama farfesa. Alhaji Mamman Shata digirin girmamawa kawai Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi a 1988, amma mutum nawa suka ci abinci da nazarin waƙoƙinsa?

Baba Mai Aruli: Yaro, a hankali. Ka haɗa abu biyu da ba su haɗu ba. Shata bai nemi aikin koyarwa ba, kuma sarautarsa ta fi ta farfesa nisa a zukatan Hausawa. Jami'a tana biyan mutum ne ya koyar, ya yi bincike, ya duba ɗalibai. Iya tsara waƙa baiwa ce, iya bayyana wa ɗalibi dalilin da ya sa baiti ya tsaya ko ya karye wani ilmi ne daban. Mai ginin tukunya da mai koyar da yadda yumɓu ke jure wuta duk ana bukatarsu, amma ba aiki ɗaya suke ba.

Kuma tunda 'yarmu ta tambayi ɓangaren Hausa, duba yadda manyan fannin suka kafu. Ɗandatti Abdulƙadir ya fitar da littafinsa a kan waƙoƙi da rayuwar Sa'adu Zungur a 1974, ya yi digirinsa na uku a Jami'ar Indiana ta Amurka a kan Shata ɗin da ka ambata, daga baya ya shugabanci Jami'ar Bayero. Ɗalhatu Muhammad ya yi nasa a Landan a kan Aƙilu Aliyu, kuma shi ya tsara diwaninsa Fasaha Aƙiliya. Abdulƙadir Ɗangambo ya yi nasa a Landan a kan waƙoƙin wa'azi tun daga zamanin jihadi, sannan ya shimfiɗa hanyar feɗe rubutacciyar waƙa da ɗalibai ke bi har yau: share fage, jigo, zubi da tsari, salo da sarrafa harshe. Sa'idu Muhammad Gusau ya yi wa waƙar baka irin wannan hidima. Kowanne cikinsu ya kama mawaƙi ɗaya ko nau'i ɗaya ya nutse. Ba don su ba, da yawa daga waƙoƙin nan da sun tsaya a bakin tsofaffi da takardun ajami da gara ke ci. To wa ya ci wa?

Ɗan Laburare: Baba ya gama magana. Ni abin da zan jawo hankali a kai shi ne inda mawaƙi yake da fifiko a kan wanda ba ya waƙa, don kada 'yar'uwa ta ɗauka baiwar tata ba ta da amfani a aji. Kunne ne. Rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna tsawon wasali, shi kuwa karin waƙar Hausa a kan nauyin gaɓa yake tafiya. Ɗalibin da ba shi da kunne zai ga kalma ya ƙirga haruffa, ya yanke baiti ba daidai ba.

Baba Mai Aruli: Haka ne, bari in faɗaɗa. Gaɓa iri biyu ce. Baƙi da gajeren wasali, sassauƙa. Baƙi da dogon wasali, ko tagwan wasali, ko wadda ta rufe da baƙi, nannauya. Ɗauki "Musulmi": mu sassauƙa, sul nannauya, mii nannauya, ya ba ka fa'uulun, ƙafar karin Larabci da ake kira Mutaƙarab. Ɗauki "duniya": duu nannauya, ni sassauƙa, yaa nannauya, faa'ilun ke nan, ƙafar Mutadarak. Matakin aiki: ka rera baitin da baki tukuna, ka sake rubuta shi kana ninka dogayen wasula, ka raba gaɓoɓi, ka sa alama a ƙarƙashin kowace, sannan ka nemi ƙafar da ke maimaituwa. Sai ka gama wannan za ka yi maganar zihafi da illa, wato sauye-sauyen da ke iya shiga ƙafa. Kuskuren da ya fi yawa a kundayen ɗalibai shi ne su ga ƙafa ta sauya su ce mawaƙi ya karya kari, alhali zihafi ne halastacce. Na biyunsa, su tilasta wa kowace waƙa ɗaya daga bahar, wato karuruwa, 16 na Larabci. M.K.M. Galadanci ya nuna dangantakar karin Hausa da na Larabci tun 1975 a mujallar Harsunan Nijeriya, amma wasu masana, irin su Russell Schuh, sun nuna akwai rubutattun waƙoƙin da daga kiɗa da waƙar baka suka ɗauko karinsu. Wanda yake waƙa da kansa yana jin wannan tun kafin ya ɗauki biro. In ya iya mayar da abin da kunnensa ya ji zuwa hujja a rubuce, maƙalarsa ta fi ta kowa.

A gefe guda, in za ki buga diwani, ki zauna a kan mai tace rubutun. Wani zai ga "wagga" ya ce Sakkwatanci ne ya mayar da ita "wannan". Ta farko nannauya da sassauƙa ce, ta biyu nannauya biyu, baiti ya karye da sunan gyara. Haka ƙ da ɗ da ɓ sukan zube in an canja kwamfuta a maɗaba'a. Kada a buga sai kin karanta kwafin ƙarshe baiti-baiti kin sa hannu.

Malam Na-Tsangaya: Mu koma kan Osundare, don akwai darasi a yadda ya hana aikin jami'a ya shaƙe waƙar. Wannan shi ne haɗarin gaske, ba rashin maki ba. Lakcara yana da kwasa-kwasai, takardun jarrabawa ɗaruruwa, ɗaliban da yake duba wa kundi, taron sashe, haɗa sakamako, in aka ba shi jami'in jarrabawa ko shugaban sashe kuwa sai addu'a. Mawaƙa da yawa sun shiga jami'a da diwani ɗaya sun yi ritaya da shi. Shi abin da ya yi, tun tsakiyar shekarun 1980 ya ɗauki shafi a jaridar Tribune yana fitar da waƙa a kai a kai a kan abin da ke faruwa a ƙasa, da harshen da mai sayen jarida zai gane. Daga nan diwanin Songs of the Season ya fito a 1990. Wa'adin jarida ba ya jiran ilhama, dole ka zauna ka rubuta. A shekarar ce kuma Waiting Laughters ya fito, wanda ya ci kyautar littattafan Afirka da ake kira Noma Award a 1991. Ki lura, wannan bayan ya zama farfesa ne, lokacin da wasu ke ajiye alƙalami.

Na biyu, bai raba gonar biyu ba. Abin da ya taso da shi na waƙar baka ta Yarabawa, kiɗa da amshi da maimaici, shi yake zubawa a waƙarsa ta Ingilishi, kuma irin tambayoyin da yake nazari ke nan: me ke faruwa in mai harshe biyu ya yi rubutu. Mai waƙar Hausa ma haka ya kamata ya yi. In kina rubuta tahamisi, wato mayar da baitin wata waƙa mai layi biyu ya zama mai layi biyar, ki yi bincikenki a kan tahamisi. Karatu ɗaya ya ciyar da aiki biyu.

Sarkin Gardama: To me ya kai shi Amurka in tsarin namu yana da kyau haka?

Hajiya Mai Jan Biro: Babu wanda ya ce yana da kyau, Malam. Shekarun 1990 jami'o'inmu sun zubar da malamai da yawa, ga mulkin soja, ga albashin da ba ya kai wata, ga ɗakunan karatu babu sabon littafi. Ba shi kaɗai ba ne. Tanure Ojaide, shi ma mawaƙi, ya koyar a Jami'ar Maiduguri kafin ya koma Jami'ar North Carolina da ke Charlotte. Dukansu biyu daga baya Nijeriya ta ba su lambar yabo ta ƙasa a fannin ilmi, Osundare a 2014, Ojaide a 2016.

Amma bambancin tsarin yana da amfani a sani. A Amurka matakai 3 ne manya. Sabon malami yana yin kamar shekara 6 a gwaji, sannan a duba shi duba mai tsanani, ko a tabbatar masa da kujera ta dindindin ko ya nemi wani wuri. Kuma can akwai digiri na musamman na ƙirƙirar rubutu, MFA, wanda ake ɗauka a matsayin digirin ƙarshe a fannin. Wanda aka ɗauka a wannan layi, diwaninsa shi ne bincikensa, da shi ake auna shi. A nan ba mu da wannan layi a tsaye, shi ya sa mawaƙinmu dole ya ɗauki kaya biyu. Inda nake tare da kai shi ne, sassan harsunan Nijeriya suna iya neman a rubuta ma'aunin aikin ƙirƙira dalla-dalla, har da waƙar da aka rera aka naɗa, tunda rubutacciyar waƙar Hausa don rerawa ake yin ta. Wannan magana ce ta majalisar dattawan jami'a, kuma farfesoshin fannin ne za su kai ta.

Ɗan Laburare: Akwai wani ɓangare na tarihinsa da ya kamata duk mai rubutu ya riƙe. A watan Agustan 2005 guguwar Katrina ta nutsar da New Orleans. Shi da matarsa a cikin rufin gida suka maƙale fiye da kwana guda kafin wani maƙwabci ya cece su da kwalekwale. Littattafansa da rubuce-rubucen da bai buga ba ruwa ya cinye. Diwanin City Without People na 2011 daga wannan masifa ya fito, amma abin da ya tafi ya tafi. Mu nan ba sai an ba mu labarin ruwa ba, an ga abin da fashewar madatsar Alau ta yi wa Maiduguri a Satumban 2024, ga gara, ga gobara, ga kwamfutar da ake sacewa da kundi a ciki.

Ƙa'idar mai sauƙi ce: kwafi 3, a wuri iri 2, ɗaya a wani gari. Takardun hannu a ɗauki hotonsu shafi-shafi da haske mai kyau, a sa wa kowane fayil suna da shekara, a ɗora a ma'ajiyar intanet, a kuma ajiye a faifai na daban. Takardar kanta a kwali a kan kanta mai tsayi, ba a leda ba, don leda tana tara gumi takarda ta yi funfuna. Kaset ɗin rerawa a mayar da shi sautin kwamfuta tun bai manne ba. Wanda ya manyanta kuma ya yi tunanin miƙa takardunsa ga wuri irin Gidan Arewa a Kaduna ko ɗakin karatun jami'arsa tun yana raye, don magada ba kullum suke sanin darajar tsohuwar takarda ba.

Ɗalibar Adabi: Allah ya saka da alheri. Saura guda ɗaya: kuɗin yin duk wannan fa? Buga diwani da zuwa taro ba araha ba.

Malam Na-Tsangaya: In kin samu aiki a jami'ar gwamnati, asusun TETFund, mai tallafa wa manyan makarantun gwamnati, yana da gurabe da suka shafe ki: tallafin karatun digiri na biyu da na uku, kuɗin halartar taron ƙara wa juna sani, ƙaramin tallafin bincike da ake nema ta jami'a, da kuma na mayar da rubutu littafi. Duk ta ofishin asusun da ke jami'arku ake bi, kuma abin da ya fi kashe buƙata shi ne a cike fom ba daidai ba, ko a makara, ko mutum bai kawo rahoton kuɗin da ya karɓa a baya ba. Na littafin ya fi karkata ga littafin ilmi, don haka ki fara da kundinki na digiri na uku in kin gyara shi, diwani ya biyo baya. Maƙala kuwa ki rarraba: Algaita da Harsunan Nijeriya a Kano, Harshe a Zariya, Ɗunɗaye a Sakkwato, sannan ki yi ƙoƙarin ko ɗaya a wajen ƙasa, ko da sai kin rubuta ta da Ingilishi.

Ki sa yajin aiki a lissafinki ma. Na 2022 kaɗai wata 8 ya ci, kuma digirin da aka ce shekara 3 ne yakan zama 5. Tun dokar 2012 farfesa yana ritaya a shekara 70, sauran malamai a 65, don haka wanda ya gama digiri na uku kafin 40 yana da sarari.

Baba Mai Aruli: Ki zaɓi mai duba miki kundi tun kafin ki zaɓi take. Ki karanta abin da ya rubuta, ki tambayi ɗalibansa wata nawa babi ke yi a teburinsa. Kuma kada ki yi digirinki a kan waƙoƙinki, ba za a karɓa ba. Akwai mawaƙa mata da na ƙauyuka da ba a taɓa tattara ayyukansu ba, ki nemi guda tun masu haddar suna raye.